Kawu da Tirikon Gindin Gawo

Ranar zaman makokin Kawu, yayan mahaifiyata, na ga abin da ban taɓa gani a gidan rasuwa ba. Tun da hantsi tsofaffi suka fara sauka ƙofar gidansa a Agiye, wasu daga Gazawa, wasu daga Cadawa, har da waɗanda suka yo doguwar tafiya daga Gidan Rumji da Cadakori. Kowa da kaftaninsa ko babbar rigarsa, kamar yadda ya dace. Amma waɗanda suka shigo cikin gida yi wa matarsa gaisuwa, in sun durƙusa ko sun ɗaga hannu za su shafa fatiha, sai in hango wani shuɗin ƙyalle ya leƙo ta wuyan riga. Na wani ya koɗe ya koma ruwan toka. Na wani bakin wuyan ya yage, an bi shi da zare da allura.

Matar Kawu, wadda tun da aka fita da shi ba ta zubar da hawaye ba sai jan carbi, ita ta fara lura. Wani dattijo mai sanda ya sunkuya gabanta yana cewa, "Allah shi jiƙan mai mota, Allah shi ba ku haƙuri." Sai ta tsaya da carbin. Ta kalli wuyansa, ta kalli na wanda ke bayansa.

"Sun sako ta," ta ce wa mahaifiyata a hankali. "Dube su, duk sun sako ta."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kukan da take riƙo ya ƙwace mata.

A waje kuwa, maigidana ya ba ni labari daga baya, wani saurayi ya matsa kusa da liman yana gunaguni, wai rigar makaɗa ba ta dace da wurin makoki ba. Liman ko ɗagowa bai yi ba. Cewa ya yi, "Babu surar mutum jikinta, kuma a ƙarƙashi suka sa ta. Marigayin ya fi ka sanin inda ake tsayawa." Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a tasha ta shigo tana share ido, tana ba mu haƙuri wai gara ta cinye tata rigar, kamar mu muka tambaye ta. Mutum ɗaya ne ya keɓe kansa, ƙanen marigayin, autan ɗakinsu, wanda muke kira Kawu Auta. Ya zauna gefen tabarma ya zuba wa ƙasa ido, in an yi masa gaisuwa sai ya gyaɗa kai kurum.

Da aka watse 'ya'yana suka tambaye ni, wane irin tsumma ne wannan da ya sa tsofaffi kuka? Na buɗe baki zan ba su amsa, sai na ga ba ta baki ɗaya ba ce. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, tun akwai masu cewa haka aka yi.

Kawu direban motar haya ne, manomi kuma in damina ta faɗi. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ba ya kiɗa, ba ya rawa, muryarsa kuwa in ya ce zai yi waƙa har awakin gida sai sun juyo. Shi da bakinsa yake cewa, "Ranar da ake rabon murya ina ƙarƙashin mota, Auta ya amshi tawa ya haɗa da tashi."

Da gaske kuwa Kawu Auta ya samu murya. Shi ne mawaƙin ƙungiyar makaɗan zamani ta garinmu, irin wadda muke kira orkes. Mai gitar ɗinsu wani tela ne daga Cadawa, abokin Kawu tun suna ƙanana, sai masu kalangu biyu da mai ganga. Gindin wani gawo bayan lakol, makarantar boko ke nan, suke gwajin kiɗa, don haka gari ya sa musu 'Yan Gindin Gawo, sunan kuma ya bi su. Lokacin soja ke mulki, mutane ba su cika ɗaga murya ba sai a filin wasa.

Kawu ke ɗaukar su duk inda za su. Zai ɗaure amsa-kuwwa da gurup, injin ba da lantarki ke nan, bisa rufin mota tsakanin buhunan wake da gujiya, makaɗa su cusa kansu ciki, a kama hanya. Wasansu na la'asar ne. Da an idar da salla su fara, da ladan ya yi gyaran murya na magariba Kawu ya kashe gurup, ko da waƙa tana tsakiya. Har yau in na rufe ido ina ganin waɗannan la'asar ɗin na kaka: rana ta yi laushi ta koma kalar man shanu, ƙanshin sabon karan gero na tashi, 'yan mata sun yi jere kafaɗa da kafaɗa, muryar Kawu Auta na fita ta bi bisa rumbuna har ta ɓace cikin gonaki. Akwai wata waƙarsu da ake kira waƙar rijiya, ta saurayi da ya zo shayar da dabbobi ya manta da ƙishirwarsu saboda wata mai ɗibar ruwa. In aka ɗauko ta, har tsofaffin da suka ce su wucewa kawai suke sai ka ga sun nemi inda za su jingina.

Tirikon kuwa, wato 'yar rigar nan mai gajeren hannu, Kawu ya ƙirƙiro ta. Ya kai fasinja can ƙetaren iyaka wajen Katsina, ya ga wani saurayi da riga mai hoton mawaƙi a ƙirji, abin ya tsaya masa a rai. Ya dawo da ƙunshin shuɗayen tiriko, ya kai wa wani mai zanen allunan shaguna a Maradi. Mai zanen ya so ya sa fuskar Kawu Auta, Kawu ya ƙi. Ya ce yana son rigar da mutum zai fito daga filin wasa da ita ya shiga sahun salla bai canza ba. Aka zana farin gawo a gaba, da gitar an jingina ta jikinsa. A baya kuma sunan garin da aka yi wasan.

Ba a sayar da ita. Kawu kan hau rufin motarsa ya zauna yana kallon taro tun daga waƙar fari. Wanda ya ga ya tsaya har aka tashi, shi yake kira ya miƙa masa. Ba su da yawa, don haka wani sai ya bi wasa uku bai samu ba, ya haƙura ya sake zuwa.

Yana da ƙa'idojinsa, kuma bai taɓa zaunar da kowa ya karanta masa su ba, sai ka taka ɗaya sannan ka ji ta. Ba a aron ta. Ba a zuwa gona da ita, ba a faɗa da ita a jiki. In wasa a Gazawa za a yi, kada ka sa ta Gazawa, sa ta wani gari don a san ka yi tafiya. Su makaɗan kuwa ko ɗaya bai ba su ba. Kawu Auta ya sha roƙo, amsar ɗaya ce: "Mai kiɗa ba ya sa ta. Wa ka taɓa gani ya kai ma rijiya kyautar ruwa?"

Wata rana ya taka burki tsakiyar hanya, mota cike da 'yan kasuwa, saboda ya hango tirikon jikin mutum-mutumi cikin gonar gero. Ya sauka, ya ratsa kunya-kunya, ya cire ta a hankali kamar yana tuɓe wa marar lafiya, ya ɗaura wa mutum-mutumin tsohon buhu. Fasinja na ta mita rana na yi. Ya dawo yana kakkaɓe ta, ya ce, "Ku yi haƙuri, wani ne ya manta ya taɓa jin daɗi." Sai da ya nemo mai gonar ya mayar masa da ita a ninke, ya ce in ta tsufa ƙasan akwati ake sa ta.

Ni kaina aurena ya kusa tafiya a kan wannan riga. Ina sabuwar malama a lakol ɗin Cadawa, wani abokin aikina daga wajen Tibiri, mushe kamar yadda muke kiran malamin lakol, ya nuna yana so na. Ya ji labarin Kawu, sai wani abokinsa ya ba shi gurguwar shawara. Ranar da zai zo gaisuwa ya aro tirikon Cadakori ya sa, ya bar maɓallan rigarsa ta sama a buɗe don a gani. Ni ina bayan darni ina saurare. Kawu ya amsa gaisuwa, ya sa aka kawo fura, ya bar shi ya sha. Sannan ya ce:

"Mushe, na ga ka je Cadakori."

"I, Baba, na je."

"Madalla. Da wace waƙa suka buɗe?"

Can na ji ya ce, "Da ta rijiya, Baba."

"A'a. Ranar nan igiyar gitar ta tsinke tun ba a fara ba, da kalangu zalla aka buɗe. Kuma ina bisa mota tun fari har ƙarshe, ban ga mai tsawonka ba."

Na dafe kai na ce shi ke nan. Mushe ya yi ta inda-inda, daga baya ya faɗi gaskiya. Kawu bai ɗaga murya ba.

"Wanda ya ara maka ya cuce ka, kai kuma ka cuci kanka. Ni ba riga zan ba ɗiyata ba, mutum zan ba. Tuɓe ka mayar mishi da abinshi."

Mushe ya tashi, har ya kai bakin zaure Kawu ya kira shi. "Juma'a mai zuwa akwai wasa Gidan Rumji. Ka zo tasha da wuri, gidan gaba naka ne."

Ya je. Kawu ya sa shi ɗaukar amsa-kuwwa, ya sa shi jan waya, ya bar shi tsaye cikin rana da takalminsa na buro, irin na zuwa ofis. Maigidana yakan ce bai taɓa jin abu kamar ranar ba, yadda Gobirawa suka karɓi amshi da irin nasu harshen har waƙar ta zama kamar can aka haife ta. Da aka tashi Kawu ya sauko ya miƙa masa tiriko, ya ce, "Yanzu in an tambaye ka, kana da amsa." Bayan girbi aka ɗaura mana aure. Ba mu sani ba ashe wasan Gidan Rumji shi ne babban wasansu na ƙarshe.

Zamani ya juya. Aka ce soja za su koma gefe, jama'a za su zaɓi shugabanninsu. Jam'iyyu suka tsiro kamar ciyawar farkon damina, kowace da launinta da kirarinta. Kawu ya yi murna da abin, kada wani ya ce ba haka ba. Rediyo ba ya barin kunnensa, yana cewa, "Shekara da shekaru ana ce muna ku yi shiru, yau an ce ku yi magana. Allah shi sa mu iya." Abin da bai so ba shi ne rigunan. Manyan motoci kan shigo gari da kiɗa, ana watso tiriko masu fuskar ɗan takara, mutane na wawa. Yakan girgiza kai ya ce, "Rigar da ake jefowa daga mota, ko jaki ya tsaya wurin sai ta faɗa mishi."

'Yan siyasa suna neman murya, suka zo wa Kawu Auta. Daminar ba ta yi kyau ba, ga iyali, ya amsa. Tela mai gitar kuma ya bi ɗaya jam'iyyar, wadda ta fi ƙarfi a garinsu. Wannan duk Kawu ya haɗiye. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ranar da ya ji amsa-kuwwa na yawo cikin gari da karin waƙar rijiya, an cire saurayi da mai ɗibar ruwa an zuba zambo ga ɗan takarar su tela. Zambon ya yi zafi, har iyayen mutumin ya taɓa. Yara suka ɗauka suna yi a kan titi.

Ina gidan ranar da suka yi faɗan, na zo ganin Kaka, mahaifiyarsu. Kawu Auta ya shigo da tirikon jam'iyya a jiki, ya gaida Kaka, ya juya wajen Kawu da ke gyaran igiyar ɗaurin kaya.

"Yaya, motarka muke so ran Lahadi, akwai taro. Kuma ragowar tirikon nan da ke akwatinka, sun ce a ba su su buga alamarsu a baya."

Kawu ya ajiye igiyar. "Gawon nan, 'yan jam'iyyarku kaɗai ya yi ma inuwa?"

"Yaya, inuwa ba ta cika rumbu. Tun yaushe nike waƙa, mi na tara? Kai kana da mota. Ni murya gare ni, ita zan ci da ita."

"Ci da muryarka, taka ce. Amma waƙar rijiya ba taka ba ce kai ɗaya. Tela ya yi mata kiɗa. Mutane sun yi aure da ita."

Kawu Auta ya yi wata 'yar dariya. "Kai da ko baiti ɗaya ba ka iya rerawa, kai za ka gaya mani ta wa ce?"

"Auta!" in ji Kaka.

Maganar da Kawu ya saba yi wa kansa ana dariya, ita aka ɗauko aka soke shi da ita. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ɗauki makullin mota ya fita. Daga ranar ba su sake zama tabarma ɗaya ba. In sun haɗu a masallaci sai hannu ya taɓa hannu, kowa ya kama gabansa. Kaka ta daina cin abincin kirki. Tana cewa ita ba ta san jam'iyya ba, ciki ɗaya ta sani.

Ana haka zaɓe ya matso. Wata ranar kasuwar Cadawa na tashi daga lakol na shiga motar Kawu zan zo Agiye, ina da cikin fari, ya sa ni gidan gaba. Mun fito tasha ke nan muka ga mutane na gudu zuwa bakin rumfunan masu yadi, ana ihu. Wani ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Mai mota, ƙanenka ne!"

Ashe su Kawu Auta sun zo taro gefen kasuwa, ya ɗauko zambon nan a garin da bai kamata ba. Samari suka taso musu da gorori. Motar jam'iyyarsu ta tsere ta bar shi. Daga inda nake ina hango shi, ya jingina da bangon wani shago, hula ta faɗi, fuskar ɗan takara a ƙirjinsa, jini na zuba gefen bakinsa. Jandarma kuwa ko alamarsu.

Kawu ya tsaida mota tsakiyar hanya, ko kashe ta bai yi ba. Ya ce mini, "Kada ki sauko." Ya ratsa taron nan a hankali, ba gudu ba, yana ture kafaɗu da tafin hannu. Da ya isa gaban ƙanensa sai ya juya ya fuskanci samarin. Ya cire kaftaninsa ya yar a ƙasa. A ciki akwai tirikonsa, ta wasan farko na Agiye, wadda ba ya rabuwa da ita. Ita ma ya cire. Dattijo da furfura a ƙirji, tsaye ba riga tsakiyar kasuwa. Ihun ya fara mutuwa, wasu suka sunkuyar da kai don kunya. Ya juya ya zura wa Kawu Auta tirikon ta ka, ya ja ta ƙasa har ta rufe fuskar ɗan takarar.

"To, ga shi nan," ya ce. "Mai bugu ya bugi gawon."

Babu wanda ya motsa. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da yake yi daga rufin mota.

"Kai, ba kai na miƙa ma ta Cadawa da hannuna ba? Kai kuma mai gora, da waƙar wa aka kai amaryarka ɗaki?"

Wanda ke gaba ya ce, "Baba, ya zagi mutuminmu. Har uwa tai ya zaga."

"Ya zaga. Bai kyauta ba, kuma na gaya mishi gaban tamu uwar. Amma ƙanena ne. In kun gama da shi, ni zan ɗauke shi in kai mata. Ku gaya mani abin da zan ce."

Sai ga tela mai gitar ya fito daga shagonsa, igiyar awo a wuya. Ya sunkuya ya ɗauki kaftanin Kawu, ya kakkaɓe, ya ɗora masa a kafaɗa. Ko kallon Kawu Auta bai yi ba. Ya ce wa samarin, "Ku buɗe musu hanya." Suka buɗe.

Tafiyar nan zuwa Agiye ba ta da nisa, amma ban taɓa jin doguwa kamarta ba. Mota cike maƙil. Kawu ya zuba wa hanya ido. Kawu Auta na can baya cikin buhuna. Sai da muka hango rumbunan gari ya yi magana, muryar nan tasa ta dushe.

"Yaya, rigarka."

"Ta fita hannuna."

"Ka ce mai kiɗa ba ya sa ta."

Kawu bai waiwaya ba. Ya ce, "Yau ba kiɗa ka yi ba. Tsayawa ka yi aka yi da kai har ƙarshe."

Ba zan ce daga nan komai ya gyaru ba. Kawu Auta ya ci gaba da yi wa jam'iyyarsa waƙa har aka yi zaɓe, sai dai bai sake taɓa karin rijiya ba. Bai taɓa buɗe baki ya ce Yaya ka yafe ni ba, a iya sanina. Amma da ruwan shuka ya sauka, sai aka wayi gari aka gan shi a gonar Kawu da kwashe a kafaɗa. Suka yi aiki gefe da gefe har azahar, suka ci tuwo kwano ɗaya. Kaka ta ce a dama mata fura. Wanda Kawu ya zaɓa kuwa, har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ba, ko matarsa.

Bayan zaɓe Kawu ya yi ta zirga-zirga yana lallashi a yi wasa ko sau ɗaya ne gindin gawon. Mai ganga ya riga ya tafi neman kuɗi ƙetare, mai kalangu ɗaya ya ce shi ya tuba. Uku suka zo: Kawu Auta, tela, da ɗaya mai kalangun. Damina ce, gawo ya zubar da ganye kamar yadda ya saba, duniya duk ta yi kore shi kaɗai ya tsaya fari. Mutane ba su yi yawa ba, amma kusan kowa da shuɗi a jiki, 'yan wannan jam'iyya da 'yan waccan. Ni ina goye da ɗiyata ta fari. Aka ɗauko waƙar rijiya da kalmominta na asali. Tela na kallon gabas, Kawu Auta na kallon yamma, amma gitar da murya ba su yi gaba da juna ba.

Suna tsakiya hadari ya taso. Iska ta fara, sannan ruwa. Kawu ya kashe gurup ya rufe shi da buhu. Amsa-kuwwa ta mutu, gitar ta mutu, sai kalangu da murya tsirara. Babu wanda ya gudu. Muka matso kusa don mu ji, ruwa na bin fuskokinmu, muna amshi. Ina jin ɗumin jaririyata a bayana da sanyin ruwa a gabana, kuma har yau ban san ko na taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ba. Da aka gama wani ya ce, "Mai mota, ina tirikon yau?" Kawu yana matse hularsa ya ce, "Babu. Duk wanda ya jiƙe ya san ya zo."

Ba su sake wasa tare ba.

Da tsufa ya zo wa Kawu, ya bar wa babban ɗansa tuƙi, idonsa kuma ya yi ta ja baya har ya zama sai inuwar abu yake gani. Jikoki suka taso da tirikon gwanjo, masu hotunan makaɗan wasu ƙasashe da rubutun da ba mai iya karantawa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya kama gefen rigar jikansa yana shafawa, ya ce, "Su wa ke nan?"

"Ban sani ba, Kaka."

"Ka je wasansu?"

Yaran su kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, amma ya daɗe riƙe da ƙyallen. Ya ce, "Wani ya je. Can garinsu wani ya tsaya a fili ya ji daɗi har ya amshi wagga. Ko mi ya same shi ya rabu da ita? Ka riƙa wanke ta da kyau, marainiya ce."

Bayan girbin bana ya ce a kai shi Gazawa. Aka ce wajen wa? Ya ce shi dai a kai shi. Ɗansa ya ja mota, ni da Kawu Auta muka raka shi. Tela ya riga mu gidan gaskiya tuntuni. Muna tafe yana faɗin inda muke tun ba a gaya masa ba, wai jikinsa ya san kowace kwana. Kafin mu shiga gari ya ce a tsaya, a nan ne filin da suke wasa a da.

Babu fili. Gona ce an girbe, karan gero a tsaye, awaki na kiwo, can gefe wasu sababbin gidaje. La'asar ta yi sanyi, rana ta kwanto tana ratsa karan. Ya sauko ya dafa kafaɗar ƙanensa, suka taka kaɗan suka tsaya. Kawu Auta ya fara wani ɗan gunji a maƙoshi, zai ɗauko waƙa. Kawu ya matse masa kafaɗa.

"Yi shiru, Auta, kana rufe mani kiɗansu."

Muka yi tsit. Iska na kaɗa busasshen ganyen kara. Ya karkata kai gefe, babban yatsan ƙafarsa na motsi cikin takalmi. Can ya ce, "Akwai mutane?"

Na kalli gonar, na kalli awakin. Kawu Auta ya share ido da bayan hannu ya ce, "Sun cika, Yaya. Har bisa itace."

Kawu ya yi dariya, irin ta ciki wadda kafaɗa ke rawa.

"Ƙarya kake, Auta. Amma da bakinka ko ƙarya daɗi gare ta. Mu tafi gida."

Bai sake fita gari ba. Ya kwanta ciwo kaɗan, ya cika da safe, kansa bisa cinyar ƙanensa, da kalmar shahada a bakinsa.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawu ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar bayin Allah yana kai su inda za su. Ya Ubangiji, ga shi yau shi ne fasinja. Ka yafe masa kurakuransa, ka sauƙaƙa masa hanya, ka sauke shi lafiya.